Ƙarar da kanikawa uku suka kasa ganowa a Corolla

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006, atomatik, kuma duk ƙarshen mako ina bin hanyar Kano zuwa Zariya da ita. Wata biyu ke nan tana wata ƙara "wuuu" da zarar na kai gudun kilomita 60, sannan idan na shiga unguwa mai gargada sai in riƙa jin "ƙwas-ƙwas" daga ƙasa. Na je wurin kanikawa uku. Na farko ya canza shakazoba biyu na gaba, na biyu ya canza fad ɗin birki, na uku ya canza boris ɗin gaba na hagu, wanda taya ke juyawa a kansa. An sa mata kwamfuta, ba ta nuna komai ba. Ƙarar tana nan daram. Yanzu wani ya ce giya ce, a sauke. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da farko dai kada ka yarda a sauke giyar nan, ko da wanda ya faɗa maka ya rantse. Sauke giyar atomatik ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a cikin abin da ka bayyana ban ga alamar da ke nuna ta ba. Giyar da ta fara gajiya tana da nata halin: ta yi jinkirin shiga idan ka sa D da safe, ta riƙa fizga wajen canji, inji ya yi ta ihu mota ba ta ja, man giyar ya yi baƙi yana warin ƙuna. Ba ka ambaci ko ɗaya daga ciki ba.

Sannan ƙara biyu kake fama da su. "Wuuu" ɗin kan kwalta daban, "ƙwas-ƙwas" ɗin cikin unguwa daban, kuma da wuya a ce abu ɗaya ne ke haifar da su. Ina kyautata zaton haɗa su da aka yi a buhu ɗaya ne ya rikita lissafin. Zan kuma so in san ko cikin kanikawan nan uku akwai wanda ya wanke hannu ya shiga motar kuka hau titi tare. In a tsaye aka danna ta, aka girgiza ta, aka ce "shakazoba ne", to canki-canka aka yi da kuɗinka. Ba zagin abokan sana'a nake ba. Ni ma a farkon fitowata na sa mutane sun sayi abin da lafiyarsa ƙalau, kuma har yau ina jin kunyar wasu idan muka haɗu a masallaci. Amma ƙarar da ba ta fitowa sai a gudun 60, ba a ƙarƙashin dalbejiyar gareji za a ji ta ba.

Ita kuwa kwamfuta ba ta yi maka ƙarya ba. Ramin da ake soka ta a ƙarƙashin sitiyari, wanda aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, labarin na'urorin lantarki yake kawowa: iskar da inji ya shaƙa, zafin ruwa, fulogin da ya ƙi kamawa, hayaƙin da ke fita. Babu wayar da ke kai mata rahoton 'ya'yan boris, ko robar ƙafa, ko fatar taya. Za su iya ragargajewa tana cewa lafiya lau.

Ga yadda nake bi. Kowace ƙara a mota tana da ubangida, wato abin da take bi, in ya tashi ta tashi, in ya kwanta ta kwanta. Akwai mai bin juyawar taya, akwai mai bin juyawar inji, akwai mai bin ramukan hanya, akwai kuma wadda ba ta fitowa sai direba ya taɓa wani abu, birki ko sitiyari ko AC ko kuloc. Kowa yana gaggawar tambayar me ya lalace, alhali wadda ya kamata a fara yi ita ce me ƙarar take bi. A garejina ban yarda yaro ya ɗora sifana a kan mota saboda ƙara ba, sai mun kai inda za mu kira ƙarar ta zo, mu sallame ta ta tafi, sau uku a jere.

Kafin a hau titi, a kwashe kaya tukuna. Na san za ka yi dariya. Wani Alhaji ya taɓa kawo mini Camry, irin wadda ake kira Muscle, ya ce duk sanda ya taka birki sai ya ji "gwaf" a ƙarƙashinsa, in ya tashi kuma ya sake ji. An riga an canza masa kujerar inji guda biyu saboda ita. Na karɓi makulli muka fita. Na taka birki: gwaf, a gaba. Na ba ta wuta: gwaf, amma ta ɗan ja baya. Abin da ke zuwa gaba in an tsaya, ya koma baya in an tashi, ai ba a ɗaure yake ba, gangarawa yake. Na tsaya a gefen titi, na tura kujerar direba gaba, na durƙusa na zura hannu. Kwalbar turare ce mai kaurin gilashi, ta shige gefen ƙarfen da kujera ke zamewa a kai. Ya karɓa, ya buɗe, ya shinshina, ya ce tun dawowarsa daga Umara yake nemanta. Don haka fitar da jak, da sifanar taya, da tukunyar kashe gobara, da buta, da duk tarkacen but da na aljihun ƙofa. Tabbatar tayar sifiya a ɗaure take. Ka kuma bi notin tayoyin huɗu da sifana ɗaya bayan ɗaya, tunda an kwance ƙafafun nan har sau uku a wata biyu, kuma yaran gareji ne ke ɗaurewa.

To, mu ɗauki "wuuu". Ka sami wanda ka yarda da tuƙinsa ya riƙe sitiyari, kai aikinka saurare. Ku nemi miƙaƙƙiyar kwalta mai kyau da sassafe kafin titi ya cika, a kashe rediyo da AC, a ɗaga gilasai. Ya kai ta gudun da ƙarar ta fi fitowa, a ce 70, ya riƙe a nan. Sai ya danna maɓallin O/D da ke jikin sandar giya, ko ya sauko da giya mataki ɗaya. Allurar gudun inji za ta yi tsalle, inji ya ɗaga murya, amma motar tana nan a 70. Nemi "wuuu" ɗinka a ƙarƙashin muryar injin. In ta tashi tare da shi, ta inji ce ko wani abu da inji ke juyawa. In ko gezau ba ta yi ba, to ba ruwanta da inji, taya take bi. Mai manuwal ya fi samun sauƙi, kuloc kawai zai taka ya bar inji ya koma silo. A atomatik ba na son mutum ya riƙa wasa da N yana cikin gudu, hannu yana iya zarcewa.

Daga nan ya mayar da giya yadda take, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya sake takawa, ya sake ɗagawa. Wannan shi ne gwajin mai cewa giya ce. Kukan haƙoran cikin giya siriri ne kamar fito, kuma yana canzawa tsakanin ja da saki: ya fito in an taka ya ɓace in an ɗaga, ko akasin haka. Boris ɗin taya da ita kanta tayar ba su damu da ƙafarka ba, maleji kawai suke kallo.

In an tabbatar taya take bi, saura mutum biyu a gaban alƙali: boris da taya. Muryarsu ta yi kama ƙwarai, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

A gudun 50 zuwa 60, inda babu mota gaba babu baya, direba ya karkata sitiyari a hankali zuwa hagu, sannan dama, kamar mai kauce wa rami tun daga nesa, ban da fizga. In mota ta karkata hagu, nauyinta yana komawa kan ƙafafun dama. In ta karkata dama ya koma na hagu. Boris ɗin da ya ci ya fi kuka in an ɗora masa nauyi, ya sassauta in an sauke masa. Saboda haka ƙarar da ke ƙaruwa a kwanar hagu ta ragu a ta dama, galibi daga ɓangaren dama take. Na ce galibi, domin boris ɗin waɗannan motoci layi biyu ne na 'ya'ya, na ciki da na waje, kuma wanda ya lalace a cikinsu yakan juya lissafin wani lokaci. Wannan gwaji yana gaya mini cewa boris ne, amma ba na yanke hukuncin wanne ba sai na ɗaga motar.

Kunne kuma maƙaryaci ne a cikin mota. Jikinta ƙarfe ne guda kamar ganga, ka buga nan ya amsa can. Direba yana zaune a gaba ta hagu, don haka kusan kowace ƙara sai ya rantse a ƙarƙashin ƙafarsa take. Ban yi mamaki ba da na ji boris ɗin gaba na hagu aka canza maka. Shi ne wanda ya fi shan hukuncin laifin da bai aikata ba. Koma kujerar baya. Zauna dama, zauna hagu, kwantar da majinginar kujerar in tana kwanciya don but ya buɗe maka, ka sa kunne. Sau da yawa mai mota yakan ɗago yana salati, don ƙarar da ya yi wata biyu yana nema a gaba, ga ta nan a bayansa tana ruri.

Ita taya ba ta cika damuwa da karkata sitiyari ba, amma tana damuwa da irin kwalta. In ƙarar ta canza murya sosai da kuka tashi daga tsohuwar kwalta mai tsakuwa kuka hau sabuwa mai santsi, taya ce ke magana. Boris muryarsa ɗaya ko'ina. Ku tsaya, ka shafa kowace taya da tafin hannu, gaba sannan baya, musamman gefenta na ciki inda ido ba ya kaiwa (ka lura da waya, tayar da ta cinye tana yanka hannu). Lafiyayyar taya sumul take. Wadda ta ci a karkace za ka ji ta tudu da kwari, ko ka ji haƙoranta suna kama hannu ta fuska ɗaya kamar zarto. Wannan ci yana zuwa ne daga mataccen shakazoba da ke barin taya tana tsalle, ko daga alaimen da ya goce. Ka lura da wani abu a labarinka: in tsofaffin shakazobanka sun riga sun ɓata tayoyin, canza su ba zai gyara tayar da ta riga ta ci ba. An kashe macijin, dafin yana jiki.

Akwai kuma tayar da wayar cikinta ta saki ta yi ƙullutu. Ita ana iya ƙirga ta. Taya mai lamba 195/65 R15, wadda Corolla irin taka da yawa ke ɗauka, kewayenta ya kusa mita 2. A gudun kilomita 20 tana juyawa kusan sau 3 a daƙiƙa, sai ka ji "wam, wam, wam" a rarrabe, sitiyari yana ɗan rawa a hannu ko mota tana rangaji. A gudun 60 juyin ya kai kusan sau 8 a daƙiƙa, bugun ya haɗe ya zama "wuuu". Duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefen tayar: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar Beljiyam tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta tsufa ta bushe, kuma busasshiyar roba a kan kwaltar watan Afrilu ba ta yin shiru.

Hukuncin da ya fi arha shi ne a kai wa mai faci ya mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. In ƙarar ta yi ƙaura ko ta canza murya, taya ce. In tana nan inda take, boris ne. Kuɗin shayi kawai za ka kashe.

Yanzu a ɗaga motar. A sami ƙasa mai ƙarfi, a toshe tayoyin da ke ƙasa da dutse ko katako, kuma kada kowa ya sa kai ko hannu a ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Fara da baya, don a Corolla tayoyin gaba ne ke ja, na baya a sake suke, in an sauke birkin hannu suna juyawa salin-alin. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan ka kama ta gefe da gefe. In ta yi wasa ta kowace fuska, boris ya gama. Amma rashin wasa ba shaida ba ce. Irin boris ɗin yanzu da ke zuwa a rufe yana iya wata da watanni yana kuka bai saki ba, kuma nan ne kanikawa da yawa ke wanke mai laifi su sallame shi.

Abin da maigidana ya koya mini, Allah ya jiƙansa, shi ne wannan: ka riƙe sifirin ɗin ƙafar da hannu ɗaya, wani ya juya tayar da ƙarfi. Lafiyayyen boris ba za ka ji komai ba. Wanda ya ci, sifirin zai kawo maka labarinsa har cikin yatsu, wani ɗan "gir-gir-gir" kamar ana niƙa tsakuwa a nesa. Kwanan baya na sa wani sabon yarona ya gwada a wata mota. Ya riƙe na hagu, na juya, ya ce bai ji komai ba. Muka zaga dama, ya riƙe, na juya, sai ya saki da sauri yana duba tafin hannunsa, wai ya zaci wuta ce ta ja shi. Ban ƙara masa bayani ba, hannunsa ya riga ya haddace. Kai ma kana iya yi, kuma ka gwada ɓangarorin biyu don bambancin ne ke magana. In kuka dawo daga tafiya mai ɗan nisa, kusantar da bayan hannu tsakiyar kowane wili. Wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai yana da magana, ko boris ko birkin da ke riƙewa.

Kada kuma ka cire sabon boris ɗin nan daga zargi don kawai sabo ne. Na gaba a Corolla matsa shi ake yi cikin gidansa da injin matsi. In aka kwantar da shi a ƙasa aka sa masa guduma, kamar yadda ake yi a wurare da yawa, 'ya'yan suna lotsa hanyar da suke bi tun kafin mota ta motsa, ya fara kuka cikin 'yan kwanaki. Haka in ba a ɗaure babban notin shaf, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa taya, yadda ya kamata ba, ko in jabu aka saka a kwali mai kyau. Tambayi bakanike na ukun nan yadda ya saka shi. Na baya ya fi sauƙi, dunƙule yake zuwa da gidansa, noti huɗu ne ke riƙe da shi.

Sai "ƙwas-ƙwas". Wannan hanya take bi, kuma wanda na fi zargi shi ne linkej. Akwai wata sandar ƙarfe da ta ratsa ƙarƙashin mota daga ƙafar hagu zuwa ta dama don hana ta kwanciya a kwana; linkej shi ne siririn ƙarfen da ya haɗa bakin sandar da jikin shakazoba, da 'yar gaɓa a kowane kai. Ƙura ta shiga, ruwan damina ya shiga, gaɓar ta saki. Alamarsa ita ce ya fi surutu a ƙananan gargada inda taya ɗaya ke hawa ɗaya na sauka, amma in ka hau tudun rage gudu a miƙe, tayoyin biyu suka hau tare, sai ya yi shiru ko ya rage. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a kwance linkej ɗin biyu, a ɗaure bakin sandar da waya don kada ta taɓa komai, a zaga unguwar nan a hankali. In ƙarar ta ɗauke, an kama ɓarawo, ko shi ko robobin da ke riƙe da sandar. A mayar kafin a hau babban titi.

In ba ta ɗauke ba, ka bi sawun waɗanda suka taɓa motar. Ɗora ƙafa kaɗan a kan birki kana cikin gargadar: in ƙarar ta tsaya, fad ne ke rawa a gidansa, wataƙila an yar da 'yan ƙarafan da ke matse shi lokacin da aka canza, ko sandunan da kan birkin ke zamewa a kai sun ci. Buɗe bonet ka duba notin saman shakazoba, ka tambaya ko an canza robar da ke samansa ko tsohuwar aka mayar. Sabon shakazoba a ƙarƙashin matacciyar roba ƙararsa ɗaya da tsoho. Kashe inji ka girgiza sitiyari hagu da dama da sauri, in ka ji "kaf-kaf" har a hannunka, tayarod ne ko rak, wato ƙarafan da ke kai juyin sitiyari zuwa taya. Da safe kafin a tayar da ita, bubbuga salansa da dunƙulen hannu daga baya zuwa gaba. Langa-langar da ke kare zafi in ta saki tana kacau-kacau, kuma in indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ya farfashe za ka ji kamar tsakuwa a gwangwani.

Abu ɗaya a ƙafa da ba na wasa da shi shi ne boljoyin, wato gaɓar da ke riƙe da ƙafar taya daga ƙasa. In ka ji "ƙiiiƙ" kamar tsohon ƙyaure sanda kake juya sitiyari a tsaye ko kake hawa tudu, ko aka sa ƙarfe aka ɗaga aka ga yana wasa, kada motar ta sake ganin hanyar Zariya sai an canza. Duk wanda ke bin titunanmu ya taɓa ganin mota ta durƙusa a tsakiyar hanya, taya ɗaya ta kwanta a gefe. An fi gani a irin su Honda Accord da ake kira EOD, domin a ƙirar ƙafarta boljoyin na ƙasa yana ɗauke da nauyin motar, ga ramuka, ga kayan jabu. A Corolla nauyin yana kan shakazoba da sifirin, amma ita ma in ya fita, tayar ta tafi. Shi kuwa shaf ba ya ɓuya: karya sitiyari har ƙarshe ka zaga a fili kana ba ta wuta kaɗan, in ka ji "kat-kat-kat" shi ne, kuma za ka tarar robarsa ta yage, giris ya fantsama a cikin wili.

In gwajin farko ya ba ni kunya, wato ƙarar ta bi inji, to labari ya canza, kuma ya fi sauƙi don za ka iya kiran ta mota na tsaye. Ƙarar "ƙiiii" da safe ko in an kunna AC, fambel ne. Ɗiga masa ruwa kaɗan, in ya yi shiru na ɗan lokaci bel ɗin ne ya gaji ko ya goce, in ya ƙara ihu to bai ɗauru ba. In gurnani ne, a cire bel ɗin gaba ɗaya a tayar da inji yana sanyi, ƙasa da minti ɗaya, don bel ɗin ne ke juya famfon ruwa. Ƙarar ta ɓace? To tana cikin abubuwan da yake juyawa: altaneta, famfon ruwa, kwamfuresan AC, famfon sitiyari, ko 'yar tayar da ke matse bel. A juya kowanne da hannu, mai laifi zai yi gurgur ko ya yi wasa. Doguwar sukudireba ma kunne ce: bakinta a jikin abin da kake zargi, ƙotarta a ƙashin kunnenka. Amma don Allah a tuɓe babbar riga, a naɗe hannun kaftani, a cire carbi daga wuya. Bel ba ya tambaya, kuma fankar lagireto tana tashi da kanta ba sallama.

Ƙarar cikin inji kuma ana rarrabe ta da sauri da kuma nauyi. Kamshaf yana juyi ɗaya ne duk sanda karanshaf ya yi biyu, don haka "tik-tik" marar nauyi daga saman inji, mai tafiya a rabin gudu, ta bawul ce, kuma ana iya tafiya da ita a kai gareji. In tana yi da sanyi ta ɓace in inji ya ɗumama, duba gasket ɗin bakin salansa, za ka ga baƙin hayaƙi a inda yake hurawa. "Kar-kar-kar" na daƙiƙa ɗaya ko biyu a tashin farko na safe yana nufin man inji bai hau sama da wuri ba. A duba geji, a duba matatar mai, a kuma duba irin man. Injin 1ZZ da ke cikin yawancin Corolla na shekarunka an yi shi ne da siririn mai irin 5W-30, amma sai ka ga ana ɗura masa 20W-50 wai don ƙasarmu da zafi. Ƙarar da ke kama da tsakuwa a kwalba in kana hawa tudu ko ka taka totur da kaya, fetur ne ke fashewa ba a kan lokaci ba, sai a tuhumi man da aka sha, musamman in na 'yan bumburutu ne, ko zafin inji. Wadda ake tsoro ita ce "dum-dum" mai nauyi daga ƙasan inji, mai ƙaruwa in an ba da wuta, balle in fitilar mai tana ƙiftawa. Wannan metal ne, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a cikinsu sun ci. A kashe a wurin, a jawo ta da igiya. Tsakanin wannan ƙara da "inji ya buga" wani lokaci bai fi tafiyar Kwanar Dangora zuwa Tashar Yari ba.

Amma ban zaci can za ka kai ba. In za a tilasta mini in faɗi zatona ban ga motar ba, zan ce "wuuu" ɗin daga baya take, ko boris ko tayar da ta ci a karkace, kuma zan fara duba dama, don ita ce ke cin gefen kwalta duk sanda aka kauce wa tirela. "Ƙwas-ƙwas" kuma linkej. Sai dai zato ne, kuma zato ne ya cinye maka kuɗi har sau uku, don haka kada ka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da maganata a baki. Yi gwajin tukuna.

In za ka koma wurin bakanike, kada ka ce masa "ina jin boris ne", don abin da ka faɗa shi zai canza maka. Gaya masa abin da ka gani: tana farawa a 60, ba ta bin inji, tana ƙaruwa a kwanar hagu, na juya tayoyi ba ta motsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai ne ka yi wata biyu da ita. Ka biya shi kuɗin lokacinsa ya shiga ku fita tare, ya ji da kunnensa, sannan ya nuna maka laifin abin da hannu kafin a saya. Wanda ya ce ba sai ya shiga ba, ya riga ya sani, yi masa godiya ka ƙara gaba.

Boris mai kuka ba ya faɗuwa rana ɗaya, amma tafiyar Zariya duk mako a kan gudu ba wurin gwada haƙurinsa ba ne. In ka ga taya tana wasa ko wili yana zafi, wannan makon ka hau ta haya. In ka yi gwaje-gwajen, ɗauki ƙarar da waya sau biyu, ɗaya daga kujerar gaba ɗaya daga ta baya, ka haɗo da lambobin DOT na tayoyin huɗu ka turo, mu ga inda aka kwana. Tsofaffin shakazoban nan kuma, in ba a riga an sayar wa 'yan gwangwan ba, je ka karɓo kayanka, don mai yiwuwa lafiyarsu ƙalau.